Ƙanena Ya Dawo da Tari

Litinin, 3 ga Oktoba, 1927
Kajetan ya dawo daga Warsaw a keken doki, da akwatin littattafai biyu da tarin da ba ya tsayawa. Ƙanena, babban marubuci. Na bar haƙar dankali na shimfiɗa masa kusa da murhu. Ya ce, "Yaya Teofila, kin tsufa." Na ce gona ce, ba ta san alƙalami ba.

Lahadi, 9 ga Oktoba
Bayan coci Pelagia maƙwabciyata ta tare ni: "To, 'yar'uwa, wanda ya sayar da ke a kasuwa ya dawo cin miyarki?" Mata suka kwashe da dariya. Duk ƙauyen nan sun san littafin nasa, har waɗanda ba su iya karatu ba. A ciki akwai wata 'ya da ta kori tsohon ubanta zuwa garken shanu ya mutu. Kowa ya ce ni ce.

Alhamis, 20 ga Oktoba
Jini a ƙyalle. Ya ɓoye, na gani.

Talata, 1 ga Nuwamba
Ranar ziyarar kaburbura. Na kai kyandir kabarin Baba da Inna ni kaɗai, shi Kajetan ƙafa ba ta ɗaukarsa. Da na dawo ina shafa masa kitsen agwagwa a ƙirji, sai ya ce in gaya masa yadda Baba ya ƙare. Shekara goma sha wani abu bai taɓa tambaya ba. Na gaya masa. Bayan rasuwar Inna, Baba ya ƙi gadon nan, ya ce sanyinsa ya yi yawa. Da kansa ya kwashi bargo ya koma wajen saniyarta. Na yi roƙo, na yi kuka, har fadan coci na kira masa. Kullum ni ke kai masa miyar kabeji cikin ƙanƙara.
Ya ce, "Kash. Ai wannan labarin ya fi nawa kyau."
Ko haƙuri bai ba ni ba! Saura kaɗan in kwaɗa masa kwanon.

Asabar, 12 ga Nuwamba
Ya ce zai sake rubuta labarin Baba. Alƙalamin ya faɗi sau uku, na ɗauke shi.

Juma'a, 25 ga Nuwamba
Ya cika da hantsi. Ina wajen kaji.

Litinin, 28 ga Nuwamba
Mutanen birni sun zo da furanni, suka yi ta jawabi a kan ƙaunarsa ga manoma. Ƙasa ta daskare, sai da mazan ƙauye suka hura wuta a kanta kafin ta haƙu.

Laraba, 18 ga Afrilu, 1928
Wata ɗaliba ta zo daga Krakow, takalmanta duk taɓo, tana neman gidan da aka haifi marubucin. Na yi niyyar sallamarta daga ƙofa. Ban san yadda aka yi ba, har na ba ta labarin ranar da ya faɗa rijiya yana leƙen fuskarsa. Ta ce yaya yake da yana ƙarami. Na ce shegen surutu.
Ban shuka albasa ba yau.