An Yi wa Istifanus Aiki, Gari Bai Ga Ɗinki Ba

Zuwa ga Babban Likita, Shugaban Sashen Tiyata na Babban Asibitin Birni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya taimaka.

Ranka ya daɗe, ni tsohon hedimasta ne, na yi ritaya ina zaune a ƙauyenmu a ƙasar Kudan. Ban saba kai magana jarida ba, balle a wannan zamani na soja da kowa ke tauna magana kafin ya furta. Sau biyu ina aiko maka takarda ta hannun direban motar kasuwa, shiru kake ji. Shi ya sa na fito fili. Ban zo da faɗa ba, amma abin da ke raina zan faɗe shi ba rufa-rufa.

Maganar ta maƙwabcina ce, Istifanus. Danga ɗaya ta raba gidajenmu. Iyayensa sun zo da shi daga kudancin Kaduna yana goye, a nan ya girma, noman rake da dawa su ne sana'arsa. Ya daɗe yana fama da ciwon ciki ta gefen dama, in ya motsa masa sai ka ga ƙato yana birgima a ƙasa. Ba jiƙon da bai sha ba. A farkon daminar bana aka turo mu asibitinku, ni na rako shi saboda ba ya jin Turanci.

Wani matashin likita ne ya duba shi, wanda aka ce bai daɗe da dawowa daga karatu a ƙasar waje ba. Ya ce dutse ne a matsarmama, sai an cire ta. Ya ce akwai tsohuwar hanya ta tsaga ciki, akwai kuma sabuwa da kuke gwadawa kuna rubuta sakamakon kowane majinyaci: a huda ƙananan ramuka huɗu, a zura wani abu mai fitila da ke nuna cikin mutum a akwatin talabijin, a yi aikin daga waje. Ni na fassara, ni na karanta takardar, Istifanus ya dangwala yatsa.

Gaskiya ɗaya ce, aikin ya yi kyau. Mutumin da ke gadon kusa da mu an tsaga shi daga ƙirji har cibiya, ya fi mako yana nishi, ko tari ba ya iyawa. Istifanus kuwa washegari ya taka da ƙafarsa zuwa bayan gida, kwana biyu aka sallame mu. Ciwon nan har yau bai dawo ba. Wannan matashin likita Allah ya saka masa da alheri a duk inda yake. To me ya kawo ƙorafi? Ga shi.

Na ɗaya. Ku kun san cikin mutum, amma ba ku san garin da zai koma ba. A wurinmu, in an yi wa mutum aiki ya dawo, dattawa sukan je dubiya, ya ɗaga riga ya nuna ɗinki. Daga nan Sarkin Noma zai sa a yi shela, matasa su fito gayya a gonarsa, Musulmi da Kirista, a yi masa noma da huɗa har ya warke. Ba a roƙa, ba a kuma godiya mai tsawo. Ɗinkin shi ne shaida. Haka muka taso muka tarar.

Da dattawa suka zo, Istifanus ya ɗaga riga. Suka duba, suka sake dubawa. Filasta huɗu, kowace ba ta kai faɗin kwabo ba. Sarkin Noma, mutumin kirki ne wallahi, ya yi dariya ya ce ai ko wanzami in ya yi ƙaho ya fi wannan ɓarna. Wani ya ce ƙila dai allura aka yi masa mai ƙarfi. Aka yi barka, aka sha ruwa, aka watse. Ba wanda ya yi maganar gayya, kuma ba don ƙeta ba. Sun ga mutum yana tafiya yana dariya, ina dalilin tara jama'a a lokacin da kowa ciyawa ke cin gonarsa?

A nan dole in faɗi nawa laifin. Ni ne na fi kowa baki. Tun a tasha na fara ba da labari, ba yanka, ba jini, kwana biyu ka tashi kamar ba a taɓa ka ba. A ƙofar masallaci na faɗa, a wurin mai shayi na faɗa. Ina jin daɗi ni na ga abin mamaki da idona. Ashe gayyar maƙwabcina nake rusawa da bakina. Duk lokacin da na tuna, kunya ce ke kama ni.

Na biyu. Ranar sallama ba wanda ya zauna da mu ya ce mako kaza kada ya ɗauki garma, mako kaza kada ya ɗaga buhu. Likitan ya fara yi mana bayani sai aka ɗauke wuta, aka zo aka kira shi da gudu. Nas ta miƙo mana kati mai ranar dawowa, shi ke nan. Takardar da na karanta ta yi dogon bayani kan abin da zai iya faruwa a ɗakin tiyata, amma ba ta ce komai kan manomi da gonarsa ba. Da alama an rubuta ta ne don masu aikin zama a ofis. Istifanus mutum ne mai kunya, ba zai iya kwanciya ana cewa lafiyarsa ƙalau ba. Kwana takwas da aiki ya shiga huɗar dawa. Matarsa Saratu ta hana shi har da kuka, ya ce in bai yi ba wa zai yi, 'ya'yan duk mata ne kuma ƙanana. Kafin a yi noma na biyu wani kumburi ya fito masa a cibiya, daidai inda kuka huda.

Na uku. Ranar da kuka ce mu dawo, mun dawo. Lokacin ana tsananin wahalar mai, muka yi rabin hanya a bayan motar kaya. Muka tarar ana yajin aiki, ƙofa a rufe. Ban ga laifin kowa ba, na san abin da ake nufi da wata ya mutu ba albashi. Da muka sake zuwa, aka ce likitan ya samu aiki a Saudiyya ya tafi. Na'urar kuma na gan ta ta taga, an lulluɓe ta da zanin gado, wai wani ƙarfe ya lalace kuma ba kuɗin waje da za a sayo shi. Aka ce fayil ɗin Istifanus yana cikin na masu bincike, a ofishin likitan da ya tafi, makulli ba a san hannun wa yake ba. Haba, ranka ya daɗe! Don mai aikin ya tafi, sai a kulle waɗanda aka yi wa aikin a durowa?

Na huɗu, kuma shi ya fi ci mini rai. Wani ma'aikaci da ya tausaya mana ya ce in kwantar da hankalina, ai a littafin bincike an rubuta Istifanus cikin waɗanda suka warke sarai, kwana biyu aka sallame shi ba wata matsala. Ni malami ne, na san abin da ake nufi da rijista. In aka rubuta yaro ya zo alhali bai zo ba, duk abin da aka gina a kai ya tashi a banza. Gobe za ku karanta wannan littafi a gaban manyan likitoci, su tafa, a ci gaba da yi wa manoma aiki ana sallamarsu haka nan. Binciken bai ƙare a bakin ƙofar asibiti ba, ya biyo mu har gona, ku ne ba ku biyo shi ba.

Yanzu kumburin ya kai girman lemu. Da safe yana komawa in an danna, da yamma sai da dabara. Wani malamin asibiti a Makarfi ya duba ya ce hanji ne ke turowa, in wata rana ya maƙale ya ƙi komawa, to ba a kwana. Daga ƙauyenmu zuwa birni kuwa, a wannan hali na mai, mota sai ranar kasuwa. Ga saran rake ya matso, kuma na san Istifanus, zai ɗaure ciki da rawani ya shiga ɗaukar dami.

Don haka ina roƙo. A buɗe ofishin nan a fito da fayil, a sa mana rana tabbatacciya kafin a fara saran rake, a gyara masa cibiya. A gyara abin da aka rubuta a littafi. A nemi sauran waɗanda aka yi wa irin aikin, na ji akwai wata mata ta wajen Paki, a ji yadda suka kwana. In Allah ya sa na'urar ta tashi, kada ku daina, abu ne mai amfani ga talaka. Amma duk wanda za ku sallama, ku ba shi takarda da Hausa, boko da ajami, mai hatimi, a rubuta cewa babban aiki aka yi masa ko da ba a ga ɗinki ba, da yawan makonnin da zai huta. Mu za mu karanta ta a masallaci da coci.

Jiya na karanta wa Istifanus wannan wasiƙa kafin in rufe. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Malam, ka ƙara musu abu ɗaya. In za su sake yi mini aiki, don Allah su tsaga ni sosai, tsaga mai tsawo wadda Sarkin Noma zai gani.” Ba wasa yake ba. Ga shi na rubuta kamar yadda ya faɗa.

Allah ya ƙara maka lafiya da haƙuri, ya ba ku kayan aiki, ya kawo mana sauƙin wannan zamani. Muna sauraronka.

Wassalam.

Naka,
Malam Sule, tsohon hedimasta,
daga ƙasar Kudan.