Littattafai don Ɗakin Guduma

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ki gaida mini Inna da maigidanki da yara. Ki ce wa Inna ina cin abinci har na yi kumatu. Ke kuwa ga gaskiyar.

Sun mayar da ni ɗakin masu jiran shari'a na can ƙurya. Mun yi wa ɗakin yawa, bokiti ɗaya, taga ɗaya. Gadon da ke gindin tagar na wani ƙato ne, Guduma, shi ne mai ɗakin, gandurobobi ma lallaɓa shi suke yi. Ranar da na shiga ya tambayi sana'ata, na ce gyaran wuta. Ya ce nan ba wutar gyara, ya sa aka danne ni, ya ɗora ƙafa a wuyana. Wallahi ban san lokacin da bakina ya kama ba shi labarin nan na kwalin littattafan Baba ba, na duniyar da ake ruwan ƙarfe, mutane suna fakewa a ƙoƙon bayan wata dabba. Sai ya ɗage ƙafar. Yanzu kullum in an kulle mu ni ke ba da labari, kuma muddin ina bayarwa ba mai taɓa ni. Wanda yake yi kafin in zo, da labaransa suka ƙare Guduma ya karya masa muƙamuƙi, har yau da cokali ake ɗura masa ruwa.

Nawa sun kusa ƙarewa. Ke da kike wuni a laburare kina hana mutane tari, ki zaɓo mini na 'yan sama jannati, tsoho ko sabo. Kar ki damu da mai duba wasiƙu, ba ya wuce gaisuwa.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Inna tana sa maka albarka. Ni kuwa tun da na karanta takardarka abinci ya ƙi shiga. Da ka ji maganata ranar zanga-zangar masana'anta ka zauna a gida, amma kai kunnenka na ado ne.

Na aiko da biyu, duk tsofaffi, irin waɗanda Baba yake karanta mana yana gyaran rediyo. Ka fara da Mai Lambun Toka. Wani dattijo ne aka manta da shi a duniyar da ta ƙone, ya yi ta shuka iri ɗaya yana mutuwa har ya tsiro. Ba a daki kowa a ciki ba, wataƙila ya sanyaya wa wannan azzalumin zuciya. Na biyun Yaƙin Zobba ne, duniyoyi biyu suna rigima kan ƙanƙarar da ke kewaye da su. Akwai jini a ciki, ka ajiye shi sai ka rasa yadda za ka yi. Sababbi ma sun iso mana, yawancinsu kan injuna masu tunani, ina kan karantawa.

Ka riƙe bakinka, ka riƙe salla.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Mai lambunki ya ci mini haƙora biyu. Ban kai ga tsirowar irin ba Guduma ya tambaya yaushe za a fara faɗa, na ce babu, sai na ji bakina a jikin ƙarfen gado. Ki gaida dattijon, ki ce na gode.

Na buɗe Yaƙin Zobba, kuma da na sani da na bari ya ƙarasa sauran haƙoran. Kin tuna inda ake ɗaure wa fursunonin yaƙi hannu ɗaya a sa su dambe? Guduma ya ji daɗin wurin har ya ce ji kawai bai isa ba, sai ya gani. Ya ɗaure wani tsohon tela mai tari, ya haɗa shi da wani direba, ya ce duk wanda ya sassauta zai gamu da shi. Direban yana kuka yana duka. Sai da fuskar Tela ta yi jina-jina, ido ɗaya ya rufe ruf, sannan ya ce a tsaya. Mu kuma an sa mu tafa hannu.

Yanzu duk abin da na karanta yau, gobe a jikin wani nake ganinsa. Kin kuma san abin da ke gaba, inda ake jefa wanda aka kayar waje babu iska. Na yi ƙoƙarin tsallakewa, ashe ya ga hoton a bangon littafin. Har ya sa an nemo masa leda, yana kallon Tela yana murmushi. Ina ta jan labarin, na ƙara wa jirage lalacewa, na aurar da janar ɗin cikin labarin sau biyu, amma ya fara gundura. In na ci gaba Tela ya mutu, in na tsaya ni ne. Tsoro nake ji, Yaya.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ka. Na je ofishin shugaban gidan, na wuni a benci, aka ce in rubuto koke. Na fito da takaici. Ni na zaɓi littafin nan da hannuna, idon Tela bawan Allah yana wuyana.

Ga wani sabo fil, Ido Ɗaya. Ka ce masa ya fi wancan jini, kuma ba ƙarya ka yi ba. Mahaƙa ne a ƙarƙashin ƙanƙara, wani inji yana mulkinsu, duk wanda ya haska da idonsa sai ya murƙushe shi. Kowa yana sunkuyar da kai yana addu'ar a haska maƙwabcinsa. Sai wata mai gyaran bututu ta lura cewa injin mutum ɗaya yake iya kallo a lokaci guda.

In ka zo wurin nan ka ɗaga murya. Ba Guduma nake so ya ji ba, sauran 'yan ɗakin nake so su ji. Yana da kashi na biyu, ban aiko ba.

Allah ya tsare mini kai.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Guduma dai littafinki ya shige shi sosai. Da aka zo wasa ya ce shi ne injin, wa zai ja? Ya ɗaure ido ɗaya da tsumma, ya tsaya tsakiyar ɗaki da ledarsa, ya nuna Tela. Ni aka ce in riƙa faɗin labarin ana yi. Ya zura wa tsohon ledar a kai, tana shiga bakinsa tana fita. Na ɗaga murya na ce injin mutum ɗaya yake iya kallo, sai mahaƙa suka tashi gaba ɗaya.

Ba wanda ya motsa. Guduma ya saki Tela, ya kama hannuna na dama ya murɗe, na ji ƙas har cikin kaina. Ina ƙasa na sake faɗa, da ihu wannan karon. Sai mai karyayyen muƙamuƙin nan, wanda ko magana ba ya iyawa, ya ɗauki bokitin ya kwaɗa masa a ƙeya. Direba ya bi. Daga nan ban ƙara ganin Guduma ba sai ƙafafun mutane. Ni ma na sa tawa, a haƙarƙari, ban ƙirga ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. A bargo aka fitar da shi. Da gandurobobi suka tambaya, ɗakin duka ya ce daga gado ya faɗo.

Tela yana numfashi. Sun kuma ba ni gadon gindin taga, wai ni na ja su. Iska, Yaya! Na manta daɗinta.

Auta

*

Auta,

Na gode wa Allah da ya bar mini kai da Tela. Amma ban yi barci ba, saboda na karanta kashi na biyu. Bayan an fasa injin sanyi ya taso, dole wani ya shiga ɗakinsa ya kula da wuta. Mai gyaran bututun ta shiga, da kyakkyawar niyya. Idon yana nan a ajiye, ta ce za ta ɗan duba da shi ne kawai.

Ka sauka daga gadon nan. Ka koma kusa da bokiti in ta kama.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa. Takardarki ta makara da kwana ɗaya. Jiya aka kawo wani sabo, ya yi tuntuɓe ya zubar mana da ruwan sha. Kowa a ɗakin ya juyo yana kallona. Kafin in ce komai Direba ya danne shi. Sai ganin ƙafata na yi a wuyansa, yana ta motsa baki, shi ko labari ba shi da shi.

Na sauke. Amma na daɗe kafin in sauke.

Ki aiko da kashi na biyun da wuri. Da ƙarfi zan karanta musu.

Ƙaninki,
Auta