Famfon da Kika Goge da Toka

Zuwa ga Mamana,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, tare da ban-girma irin wanda kika koya mana, ina fata hutun da kika shiga ya fi wanda muka yi ta cusa miki a nan daɗi. Mu dai muna nan lafiya. Baban Godiya yana gaishe ki, ko da yake bai san ina wannan rubutu ba. Jikarki Godiya ta kusa kamo ni tsawo, bakinta kuwa naki ne sak.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ƙarami ne, har ina jin nauyin faɗa. Famfon banɗakinki ne. Ya fara ɗiga, Baban Godiya ya sayo sabo, mai aikin famfo zai zo ranar Asabar ya cire tsohon. Tun da na ga kwalin a kan tebur na rasa sukuni, kuma ba wanda zai gane dalili sai ke.

Kin tuna yadda aka yi ɗakin. Da gwiwoyinki suka matsa miki a Madakiya, har kika zame a bayan gida da damina, muka ce ya isa haka, ki dawo Kafanchan wurinmu. Wani ɗan sito ne a jikin ɗakin da muka ware miki, in mutum ya buɗe hannuwansa sai ya taɓa bango biyu. Na ce ko da ƙanƙantarsa sai na mai da shi abin kallo.

Na sa tayil mai launin madara don ya yi haske, na kafa babban madubi don ido ya ga kamar da faɗi. Sai ƙarafan. A waya na gan su, na nace sai irinsu: tagulla ce da ake shafa wa wani baƙin mai tun daga inda aka ƙera ta, ta yi duhu, sai ɗan ja-ja da ke leƙowa a gefe. Oga Chidi mai kayan gini, wanda babansa ya yi aikin reluwe tare da Baba, shi ya sa aka kawo mini daga Kudu. Famfo, kan shawa, maratayin tawul, har da ƙarfen da za ki riƙa dafawa in za ki miƙe, duk launi ɗaya. Ya ja mini kunne cewa ban da soso, ban da garin sabulu, tsumma mai laushi kawai da ɗigon mai. Na ji, na riƙe, amma ban gaya miki ba. Ban ga dalili ba, tunda ba aiki na kawo ki yi ba.

Ranar da na buɗe miki ƙofar ina jiran yabo, kika daɗe tsaye kina kallon famfon. Kika sa yatsa kika shafa, kika duba yatsan. Abin da kika ce kawai, Allah ya sa albarka. Ni da wautata na ɗauka kyan ne ya ɗaure miki baki.

Ya kamata a ce na gane. Ni ce fa na tashi a kwatas ɗin reluwe ina kallonki duk Asabar, kin baje risho da fitila da kan bel ɗin Baba a tabarma, ga toka a murfin kwano, ga ɓarin lemun tsami. Ba kya ajiye rishon nan sai kin ga haƙoranki a jikin tankinsa. Matan kwatas suna tsokanarki wai ko jirgin ƙasa aka bar miki a ƙofar gida sai kin goge shi. Ke kuma amsarki ɗaya ce kullum: “Ƙarfe in ya yi baƙi, ba mace a gidan.”

A gidana kuwa na hana ki komai. Kika ɗauki tsintsiya, na karɓe. Kika tambayi turmi, na nuna miki injin markaɗe. Kika ce a ba ki wake ki tsince, na ce tsintacce na sayo. Duk don ƙauna na yi, Mama, Allah ya sani. Ki huta, ki huta, kamar hutun abinci ne. Kina zaune a baranda kina juya hannuwanki a cinya, ni kuma ina can ina gaya wa matan zumunta na coci cewa Mama ta zama 'yar gata.

Sai ranar nan da na dawo daga makaranta, na ji ƙamshin lemun tsami tun daga falo. Na same ki zaune a 'yar kujerar wanka, zani ɗaure a ƙirji, gumi yana zuba. Kin gama da famfon, kin kama ƙarfen dafawa har kin kai rabi. Famfon ya yi jawur yana ɗaukar ido, ke kuma kina ta murmushi. Rabona da ganin wannan fuskar tun kina Madakiya.

Ban yi miki tsawa ba, kin sani. Da ma tsawar na yi, da kin rama, mu yi faɗanmu mu shirya kamar yadda muka saba. A hankali na zare soson daga hannunki, na yi miki bayani irin namu na malaman makaranta, cewa baƙin nan ado ne, haka ake sayensa, shi ne ma tsadarsa. Kika dube ni, kika dubi famfon, kika ce da yarenmu ashe yanzu har tsufa sayarwa ake yi, da kin sani da kin kai naki kasuwa. Muka yi dariya mu biyu. Na ɗauka magana ta wuce.

Daga ranar ba ki ƙara neman aiki a gidan ba. In za ki yi wanka, da gefen zani kike murɗa famfon don kar ki ƙara ɓata shi. Da kaka ta yi, kika ce za ki je Madakiya ki ga yadda ake haƙar citta, kar yara su bar rabi a ƙasa, za ki dawo kafin Kirsimeti. An ce can kika zauna cikin mata kina tsaga citta kina waƙa har yamma, ba wanda ya iya tashinki. Can kuma Ubangiji ya kira ki. Takalminki na zuwa sujada yana nan ƙarƙashin gado inda kika bar shi.

Abin da ban sani ba shi ne, irin wannan ƙarfe in aka ƙyale shi yana komawa duhu da kansa. Wata da watanni ina shiga ɗakin ina ganin jan yana dusashewa, har ya kusa zama ɗaya da sauran. Abin da na so ke nan a da. Yanzu da nake samunsa, sai nake ji kamar ana share sawunki ina tsaye ina kallo. Baban Godiya yana ganin taimakona ya yi da ya sayo sabo, ya ce ai dama wannan ya lalace. Ban ga laifinsa ba, a bakina ya fara jin haka.

Jiya na ce bari in goge shi ko sau ɗaya kafin a cire. Sai na tuna gidana ba toka, da gas muke girki. Na ɗauki murfin kwano na fita wurin Maman Bulus mai ƙosai a bakin layinmu. Tana ganin murfin ta yi dariya, ta ce ashe abin gado ne. Ta ce wurinta kika zo ɗiban toka ranar nan. Kika ce mata an cuci 'yarki, an sayar mata da tsofaffin ƙarafa da sunan sababbi, ita kuma yarinya ce ba ta gane ba. Ba kya so ki faɗa ta ji kunya a gaban mijinta, za ki gyara mata su a hankali in ta tafi aiki. Har roƙonta kika yi kar ta gaya wa kowa.

Mama, a bakin titi na tsaya da toka a hannu ina hawaye, masu babur suna kauce mini. Ashe tun ranar da kika shafa yatsa kike ɗauke da damuwata. Ina ganin ni ce mai haƙuri da ban yi faɗa a kan ɓarna ba, ashe ke ce kika fito rufa mini asiri, na kuma zare miki soso a tsakiyar aiki. Na yi nadama, ko da yake da-na-sani ƙeya ce. Na gina miki ɗaki saboda gwiwoyinki, na manta kina da hannuwa.

Na dawo gida na zauna a kujerar taki. Na fara da famfon har jan ya dawo, sannan na kama ƙarfen dafawa daga daidai inda kika tsaya, na ƙarasa miki. Kan shawa da maratayin ma ban bar su ba. Hannuna bai kai naki ba, akwai lungun da ya gagare ni, kuma kafaɗata har yanzu ciwo take. Baban Godiya ya leƙo, ya dubi ɗakin, ya dube ni, ya ɗauki kwalinsa ya mayar mota. Mai aikin famfo zai zo dai ranar Asabar, amma robar ciki kawai zai canja don ɗigar ta tsaya.

Ɗakin bai ƙara kama da na cikin waya ba ko kaɗan. Waɗanda suka san ado za su ce na yi asara. Su faɗa, ba su ga fuskarki ranar nan ba.

Ubangiji ya ba ki hutawa a wurinsa. Amma ina roƙonsa, in akwai wani abin gogewa a can, ko fitila ce ko ƙararrawa, ya bar miki shi, kada wani mala'ika mai ladabi irina ya zo ya karɓe. Ya gafarta mini, ya sada mu a gabansa in lokaci ya yi. Kafin nan, duk Asabar za a ga toka a murfin kwano. Akwai mace a gidan, Mama.

Ni ce 'yarki,
Rahila
Kafanchan