Ampul ɗin da Ka Cire daga Kwalin 'Yan Zabina

Tibiri, Laraba 14 ga Agusta 2024, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. Ina zaune a zauren gidanmu, kwalin 'yan zabi yana gefen ƙafata, ma'aunin zafi yana nuna 31 maimakon 35.

Ya kai Salman, ruwan farkon daminata, sanyin randar ɗakina, gawon da na zaɓa in sha inuwarsa! Ashe na manta gawo da damina yake zubar da ganye. Sallama a gare ka, don sallama haƙƙinka ce. Sauran gaisuwar na riƙe abata.

Ranar Litinin na tafi Dogon Dutsi karɓo diplom ɗina, takardar shaidar gama karatun kiwo, na kwana gidan gwaggo. Kai kuma ka rufe shagonka, ka zo gidanmu da ampul bakwai, ƙwan lantarki irin na LED, ka canza mana duka don faktir, kuɗin wutan wata, ya yi wa Baba sauƙi. Shida daga ciki ba ni da ta cewa. Na duba takardarsu: wat tara, haske kamar na wat sittin. Na bakwai fa? Wa ya aike ka cikin kwalina?

Wannan tsohon ampul da ka kira ɓarawon wuta, ba don haske na rataye shi ba, don zafi ne! Shi ne uwar 'yan zabina arba'in, masu kwana biyar a duniya. An yi ruwa da yamma, gari ya yi sanyi. Inna ta leƙa, ta ga haske fari tas, ta ɗauka lafiya, ba ta hura garwashin da na bar mata ba. Jiya da ƙarfe goma na safe na tarar da su a cure a kusurwa ɗaya. Ashirin da bakwai sun mutu. Na ƙirga sau uku.

Ka tuna ranar da muka zauna a gindin dutse bayan sallar la'asar? Rabin awa na yi ina faɗa maka yadda ɗan zabo ba ya jure sanyi a satinsa na farko. Ka ce muryata ta fi ta kurciya daɗi. Na ji daɗi, wauta ta! Ashe muryar kake ji, ba maganar ba. Haka za mu zauna, ya hasken idona? Ina magana, kana jin kuka irin na tsuntsu?

Abin da ya fi ƙona ni, ka ce wa Baba a waya dama zabi mutuwa suke yi. Yanzu yana kallona kamar shekara ukun da na yi a makaranta iska ce, ya fara cewa in bar kiwon.

Na zaga shago huɗu a Tibiri, babu mai irin tsohon. Kwalaben ruwan zafi nake naɗewa da tsumma, ina canzawa duk awa biyu. Ka dawo mini da tsohon ampul ɗina kafin Juma'a, ka tsaya gaban Baba ka faɗi abin da hannunka ya yi. Kada ka aiko turare. Kada ka aiko wani LED.

Ina sonka har yanzu, kuma haushin hakan nake ji. Ban kalli kowa ba, ba zan kalla ba.

Ga abin da ban sani ba: ko ampul ɗin yana jakarka, ko ka jefar da shi, ko sha ukun da suka rage za su kai Juma'a, don biyu sun daina ci, ko Baba zai bar ni in sake kiwon wasu, ko ka karanta wasiƙar nan har ƙasa, ko kuwa kyan rubutuna kawai ka tsaya kallo.

Taka, ko da fushi,
Rahina