Ban Ga Faɗuwar Ɗakin Umma Ba

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya maigida da yara, yaya kuma ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu lafiya lau, mun samu ɗaki biyu a unguwar Mahjar.

Kin ce in ba ki labarin yadda aka rushe gidanmu na unguwar Karantina. Yaya, ban gani ba.

Harjit, direban nan Ba'indiye mai rawani da muke aiki tare, shi ya kwashe mana kaya. Mun gama ɗaure katifu, katafila tana rushe gidan maƙwabta, sai wayarsa ta yi ƙara, an turo masa bidiyo daga gida. Ashe ranar bikinsu ce na mabiya addinin Sikh, wanda mayaƙansu ke hawan doki idan sanyi ya wuce. Ya miƙo min wayar, ya ce, "Shuf, duba ƙanena!" Wani saurayi ne cikin shuɗin kaya, tsaye a kan dawaki biyu, ƙafa ɗaya a kan kowanne, suna sukuwa. Harjit yana dariya yana share hawaye, ya daɗe bai je gida ba. Ni kuwa ina jira kawai in ga ko yaron zai faɗi.

Bai faɗi ba. Da na ɗago kai, babu ɗakin marigayiya Umma. Harjit ya kashe wayar, ya ce a hankali, "Yalla, mu tafi." Na shiga mota.

Har yau ban yi kuka ba, ina cin abinci, ina zuwa aiki. Ki gaida Gwaggo da yara. Ki sa ni a addu'a, Yaya, domin idan na rufe ido dawakin nake gani, ba gidanmu ba.

Ƙanenki,
Sa'idu