Tayil ɗin Siton Taba

Semarang, 3 ga Maris

Kawu Sarjo,

Gaisuwa da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ina cikin tsaka mai wuya. Tsohon siton tabar nan da ka yi wa aikin gini shekara talatin, shi muke mayarwa gidan baje kolin zane-zanen zamani, kuma ni aka damƙa wa gyaran. Na ga tsohon hotonsa da tayil shuɗi mai furanni tun na zamanin mulkin Turawan Holan, sai bakina ya ja ni na yi wa kwamiti alkawarin tono shi kafin ranar buɗewa. Har a katin gayyata an buga.

Mun fasa daɓe uku, waɗanda kuka riƙa ɗorawa duk lokacin da ƙasa ta nutse ruwan teku ya shigo. Ƙarƙashinsu yashi ne kawai. Shugabar kwamiti ta ba ni mako guda, ko tayil, ko sunan wanda ya kwashe, ko in rasa aikina. Ina yake, Kawu? Tsoro nake ji.

'Yarka,
Wuryani

Demak, 6 ga Maris

Wuryani,

Lafiya lau, ƙafa tana nan yadda kika san ta. Ke da tonon abin da aka binne, tun kina yarinya haka kike, kamar kaza.

Ki daina haƙa, kin kusa kai wa ruwa. Shekarar da uwarki ta rasu aka kawo min ke, a shekarar muka yi daɓen farko. Ɗakina ƙasa ce mai laima, ke kuma ga tari. Na ga za a binne tayil a banza, na ɓamɓare shi na kai gida a keke, goma-goma, ban tambayi kowa ba. A kansa kika koyi tafiya.

Gidan kuwa kin san teku ya ci shi tare da ƙauyen. In ruwa ya janye, masunta suna hango shuɗin.

Ki ba su sunana. Tsoho ba ya da aikin da za a kore shi. Kunya ce kawai, ita ma zan ɗauka.

Kawunki

Semarang, 10 ga Maris

Kawu,

Barka da war haka. Na tsaya gaban kwamiti jiya. Shugaba ta ce, “Wa ya ɗauka?” Na ce teku ne, kuma ban yi ƙarya ba. Ba ta yanke hukunci ba tukuna.

Ranar Asabar ina tafe. Ka nemo mana kwalekwale, ka tambayi masunta yaushe ruwa zai janye.

Allah ya bar mana kai,
Wuryani