Dokar Haraji da Cikin Wata Biyar

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Mama? Kin ce ƙafar ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana ita. Mu nan lafiya lau. Malam yana gaishe ki, 'yan ajinsa sun gama jarrabawa, ga takardunsu nan ya baje mini a falo har ba wurin sa ƙafa. Na san za ki ce me ya hana ni bugo waya. Wallahi sau biyu ina gwadawa, da na ji muryarki sai in ji kuka zai ƙwace mini, in ɓuge da tambayar yara. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ki samu wuri ki zauna ki karanta a tsanake, domin albishir biyu na zo miki da shi.

Kin san shekara shida ke nan ina aiki da kamfanin nan na jigilar kaya, ni ke kula da manhajar da ke nuna inda kowace mota take da abin da ta ɗauko. Abin da ban taɓa yi miki bayani sosai ba shi ne, duk tsawon lokacin nan ni ba ma'aikaciyarsu ba ce, 'yar kwangila ce. Mu goma sha ɗaya ne a haka, duk masu aikin kwamfuta, an tara mu a wani ɗaki marar taga kusa da ɗakin manyan na'urori, inda sanyin esi ke sa mutum ya sa rigar sanyi ana tsakiyar zafi. Duk wata shida a sabunta mana takarda, harajinmu mu ke zuwa mu biya da kanmu kamar masu shago. Ba hutu, ba fansho, ranar da ba ka zo ba kuwa babu ladanta. Kin tuna lokacin da na yi ɓari na biyu, kika yi ta faɗa don na koma aiki bayan kwana uku? Kin ce son aiki ne ya yi mini yawa. Ba son aiki ba ne, Yaya. Saura mako biyu ne a sabunta takardata, na ji tsoron a ga kujerata ba kowa.

To, wata uku da suka wuce sai hukumar haraji ta fito da sabuwar doka. Ta ce duk wanda yake zuwa ofis kullum a lokacin da kamfani ya yanka masa, yana aiki da kwamfutar kamfani, manaja na ba shi umarni, kuma ba shi da ikon turo wani a madadinsa, to wannan ma'aikaci ne, ko da me aka kira shi a takarda. Dole kamfani ya riƙa cire masa haraji daga albashi, ya ba shi duk haƙƙin da ake ba ma'aikata. Wani abokin aikinmu da muke kira Dogo shi ya karanto mana a wayarsa, yana karantawa muna ƙirga kanmu a ciki. Da ya kai ƙarshe sai Baba Waya, dattijon da ya ja duk wayoyin ginin nan da hannunsa, ya ce ai wanda ya rubuta dokar nan ya taɓa zama a ɗakinmu, sanyin ne kawai ya manta bai sa ba. Muka yi ta dariya. Amma dariyar ba ta kai mako ba, sai ga sanarwa daga sama cewa kamfani ba zai iya ɗaukar mu duka ba, mutum shida za a ɗauka, sauran a sallame su, kuma kowa sai ya yi intabiyu. Ki ji fa, intabiyu a kan aikin da na shekara shida ina yi!

Yanzu ga albishir na farko, wanda ya kamata in fara da shi. Yaya, ina da ciki, wata biyar ke nan. Ki yafe mini ɓoyewar da na yi. Bayan abin da ya faru sau biyu, ni da Malam muka yi shawarar mu yi shiru har sai likita ta ce ya zauna. Yanzu ta ce ya zauna daram, har ya fara motsi, ina rubutun nan ma yana ta shurina. To ki duba halin da na shiga a lokacin. A ofis ina ta fama da manyan riguna, in tashin zuciya ya taso in ce zan leƙa ɗakin na'urori. Ranar da aka kafe sunayen masu intabiyu Dogo ya ja ni gefe, ya ce shi yana da 'ya'ya huɗu, ba a ɓoye masa irin wannan. Ya ce in rufe bakina gam har in sa hannu, in ya so daga baya su ji, don a cikin mutum goma sha ɗaya babu wanda zai zaɓi wadda za ta tafi hutu bayan wata huɗu. Na san don Allah ya faɗa mini. Na kai wa Malam maganar, kin san shi da sanyin hali, ya ce duk wanda na zaɓa yana bayana, in ma an sallame ni ba za mu kwana da yunwa ba, sai dai mu rage wasu abubuwan. Kwana biyar ina juya maganar a raina.

Ranar intabiyu na tarar da manajanmu da shugabar sashen ma'aikata, wata mata mai tabarau da ba a cika ganin haƙoranta ba. Suka yi ta tambaya ina amsawa, har manaja ya tuno ranar da manhajar ta tsaya, motoci arba'in suka yi cirko-cirko a bakin rumbu, na tayar da ita kafin azahar. Da suka ce ko ina da tambaya, har na ɗauki jakata, sai na ji ba zan iya fara zama da mutane a kan ɓoye-ɓoye ba. Na koma na zauna, na ce ina so su sani tun yanzu cewa ina da juna biyu, nan da wata huɗu zan buƙaci hutu. Matar nan ta sauke tabarau, ta dube ni, ta ce ita tun wata biyu da suka wuce ta sani, tun ranar da muka haɗu a lif wani ya shigo da turare mai ƙarfi, na sauka a hawa na biyu alhali na biyar za ni. Ta ce wannan ba ya cikin tambayoyin da ke takardarta, kuma ba za ta sa shi ba. Shi kuwa manaja fuskarsa ta canza, ya ce to wa zai riƙe manhajar in na tafi, don duk ginin babu wanda ya san cikinta. Na ce akwai. Na ce Baba Waya ya fi shekara yana zama kusa da ni yana koyo ba wanda ya sa shi, in aka ba ni wata huɗun nan zan miƙa masa komai. Manaja ya dai duƙa ya yi rubutu.

Mako guda muka yi muna jira. Ranar Talata da hantsi aka kira ni sama, aka miƙo mini takarda. Yaya, an ɗauke ni! Cikakkiyar ma'aikaciya, da fansho, da inshorar lafiya har da abin da zan haifa, da hutun haihuwa wata huɗu ana biya na. Na karanta layin hutun nan ya fi sau goma. Na fito ban ma tsaya jiran lif ba, na kama matakala ina sauka, sai da na tuna abin da nake ɗauke da shi na rage sauri. Baba Waya ba ya cikin shidan, shekarunsa sun yi masa cikas, amma sun ƙara shi na bakwai, na shekara ɗaya, saboda hutuna. Da ya ji dalili ya zo ya tsaya a kaina, ya ce ashe ɗan da ba a haifa ba ne ya sama masa aiki, to in gaya masa kakansa na godiya. Ni da shi har da hawaye.

Ba zan ce miki komai daɗi ne ba. Abin da zai riƙa shigowa hannuna ya ragu sosai, tun da yanzu daga tushe ake cire haraji. Dogo an ba shi gurbi ya ce ba ya so, da bakuna shida a gida ragin ya yi masa yawa. Ya kama ɗan ofis a bayan kasuwa, zai riƙa yi wa kamfanoni daban-daban aiki da kayansa, ya zama ɗan kwangila na gaske yadda dokar ke nufi. Mutum uku kuma an sallame su, cikinsu har da wata da muke cin abincin rana tare, ita ce ke tsaya mini a rai. Na tura takardunta wurare biyu, ki sa ta a addu'a.

Shekaranjiya ranar awo ce. Na je wa manaja da 'yar muryata ina neman izinin awa biyu, ina shirin rantsuwar zan biya da yamma. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce in je, haƙƙina ne. Na zauna a layin asibiti ba na duba agogo, ba na addu'ar kada waya ta yi ƙara. Da likita ta ɗora mini abin saurare na ji bugun zuciyar ɗan da ke cikina, fat-fat-fat da sauri, sai na roƙe ta ta bar shi ya ɗan daɗe, na ce yau ba inda nake sauri.

Yanzu ga roƙona. Mama ba ta sani ba tukuna, ke nake so ki gaya mata, amma ki zaunar da ita tukuna, kada murna ta sa ta miƙe a kan ƙafar nan. Sannan ki fara lallashin maigidanki tun yanzu, don ina so ki zo in lokaci ya yi. Malam ya kwashe littattafansa daga ƙaramin ɗaki, ya yi masa fenti da kansa, rabin fentin a bango rabi a rigarsa, amma ɗaki ya yi kyau, naki ne. Wata huɗu zan yi a gida, ni da ban taɓa yin mako guda cur ba tun da na fara aiki. Ban san yadda ake riƙon jariri ba, ban san yadda ake hutu ba, duka biyun ke za ki koya mini.

Ki gaishe mini da Mama da kyau, ki ce ina neman addu'arta. Ki gaishe da maigidanki, da Baffa da iyalinsa, da Goggo, da Autanmu in ya ga damar zuwa gida. Ki shafa mini kan 'yan biyunki, ki ce musu sun kusa samun wanda za su yi wa girma. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Ƙanwarki